Shekarar da Na'urar Maradun Ta Tashi Daga Tsakar Gidana

Ina gode wa Allah da Ya ja kwanana har na ga 'ya'yana da jikokina suna ba da labarina a gabana, suna ƙara masa gishiri ina kallo. Wannan babin saboda maganar makulli na rubuta shi. Duk Sallah idan kun taru a tsakar gida, sai wani cikinku ya tono ta, wai shekarar da tsawa ta faɗa asibitin Maradun Inna ta sace makullin mashin ɗin Yaya Babba ta tura cikin tukunyar daddawa, ya yi ta nema har ya haƙura. Ku yi ta dariya, ni ma in yi murmushi don kada in ɓata muku hira. To ba haka aka yi ba. Ban ɗauki makullin kowa ba, kuma abin da na yi a ranar ya fi satar makulli nauyi a wurina. Ku zauna ku ji.

Kun san Yayanku shi ne ɗana na fari, kun kuma san irin renon da aka yi mana a Tsibiri. Mace ba ta kiran sunan ɗan farinta. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, idan ya faɗi ba ita ke rugawa ta ɗauke shi ba. Ku 'yan yanzu kuna ɗauka rashin ƙauna ne, alhali kuwa zuciya cike take, baki ne kawai ake riƙewa. Haka na ga uwata ta yi wa yayana, haka ni ma na yi. Idan tuwo ya sauka sai in ce, a faɗa wa wancan. Da ya yi aure Allah Ya kawo mini matarsa Asabe, ta zama bakina ta zama kunnena. Abin da nake so ya ji sai in faɗa mata yana zaune a wurin, shi ma ya ba ta amsa ina tsaye. Ko a wannan takarda ba za ku ga sunansa ba, kada ku wahalar da idanunku.

Bayan ya gama karatu ya dawo nan Talata Mafara, ya sami aiki da wani ƙaramin kamfani mai haɗa kwamfutocin ƙananan asibitoci na Mafara da Bakura da Maradun. Amfanin abin shi ne, mai cikin da aka auna a Maradun idan haihuwa ta yi gardama aka garzayo da ita nan, a ga duk abin da aka rubuta mata a can, ba sai an tsaya tambayar macen da ba ta iya magana ba. A kowane asibiti akwai babbar na'ura guda wadda sauran ke jingina da ita, suna ce mata saba. Idan aka kawo sabuwa daga kanti ba ta san komai ba, sai mutum ya je da ƙafarsa ya zauna gabanta ya ɗura mata duk abin da za ta yi aiki da shi. Yayanku shi ne wannan mutumin. Lokacin da hanya ke da lafiya ban taɓa damuwa ba, yakan hau mashin da hantsi ya dawo mini da nono da man shanu daga wajen danginmu. Daga baya hanya ta lalace yadda kuka sani. 'Yan bindiga suka tare motar da ƙanena Murtala ke ciki, suka tafi da shi. Ya dawo gida, alhamdu lillahi, amma har ya koma ga Allah idan mashin ya wuce ƙofar gida sai ka ga ya zabura ya dafe bango. Ni na yi jinyarsa. Na san abin da hanyar take mayar da mutum ko da ta sake shi.

A daminar wannan shekara tsawa ta faɗa asibitin Maradun, ta ƙone saba, ta haɗa da kayan hasken rana da batiransu, aka koma dogara da janareta. Kamfani ya sayo sabuwar saba, aka sa ta a motar masu hatsi ta isa lafiya. Mai gadin asibitin, wanda kuma shi ke kula da janareta, Isiyaku ne, taubashina, ɗan gwaggona, wanda muka tashi muna tsokanar juna tun muna tafiya ba takalmi. Shi ya ɗauke ta ya shigar ɗaki, ya sossoka mata wayoyi yadda aka kwatanta masa. Ta zauna nan kamar akwati. Saura wanda zai je ya tashe ta.

Na ce wa Asabe ta faɗa wa mijinta hankalina bai kwanta ba. Ya ce mata ta faɗa wa Inna aiki ne, mata suna jira. Na kai wa babanku magana, shi da ya ƙare rayuwarsa a kara, kasuwar dabbobi, yana bin motocin shanu, ya ce abin da Allah Ya rubuta wa yaro zai same shi ko da a ƙuryar ɗakina ne. Gaskiya ya faɗa, amma ba ta sanyaya mini zuciya ba.

Da safe ina bakin murhu ina tankaɗe, na ga ya fito da jaka a baya, ya turo mashin ya nufi zaure. Na waiga neman Asabe, tana ɗaki ta rufe ƙofa, ina jin shasshekarta. Babanku yana kan buzu yana lazimi, ƙanwarsa Gwaggo Hure ta zo mana kwana biyu tana zaune tana tsinkar zogale. Ba wanda zan aika. Ƙafar mashin ta gaba ta riga ta shiga zaure. Sai na ji sunan ya fito daga bakina, cikakke, yadda liman ya raɗa masa.

Gwaggo Hure ta saki reshen zogale. Shi kuwa ya tsaya bai waigo ba tukuna, kamar yana tantama ko da shi ake.

"Ban lamunta ba," na ce. "Ban lamunta ka hau hanyag ga ba."

Ya jawo mashin da baya ya jingine shi. Ya zare makulli, ya tako har gabana ya durƙusa, ya ajiye shi a kan faifai, a gefen garin da nake tankaɗewa.

"Ga shi, Inna. Ba ni ɗauka sai kin ba ni da hannunki."

Kun ji yadda makulli ya zo hannuna. Na ɗaure shi a haɓar zanena.

Ya kira ogansa a waya a nan gabanmu. Ban ji abin da mutumin ke faɗa ba, amma na ga idanun Yayanku sun yi ja. Daga baya Asabe ta kawo mini: wai an ce idan Inna ce ke ba shi izinin aiki, to ya zauna gida ya taya ta wanke-wanke. Ya roƙi a ba shi lokaci, ya ce akwai hanyar da za a tashi na'urar daga nan ba sai an je ba, ya daɗe yana son gwada ta. Ogan ya ba shi zuwa la'asar ranar Talata, ranar kasuwar garinmu. Idan saba ba ta tashi ba, za a ba wani aikin daga Gusau, dukkansa, ba na Maradun kaɗai ba.

"Kin ɗaure shi, Innar yara," in ji babanku. "In aikin ya tahi, ki san inda za ki sa kanki."

Shi kuma Yayanku ya ce wa Asabe, da ƙarfi yadda zan ji, idan Talata ta yi abu bai yiwu ba, zai zo ya durƙusa ya roƙi makulli, ya bi ayarin 'yan kasuwar Maradun masu komawa da la'asar. Ba zai ɗauka da kansa ba. Wato ya mayar mini da kayan a kaina: ko in ba shi ya hau hanya, ko in hana shi ya rasa aikinsa.

Ya ɗauko kwamfutarsa ya kafa tebur a ƙarƙashin rumfa, dab da madafi, wai nan ne waya ta fi kamawa. Ni dai na san a ɗakinsa ma tana kamawa. Ya zaunar da Asabe kusa da shi ya fara yi mata karatu.

"Asabe, kin ga sabuwar na'ura in anka kunna ta, ba ta san sunanta ba, ba ta san unguwarsu ba. Sallama take yi cikin waya, tana tambaya ko da mutane. To akwai wata nan Mafara, aikinta ke nan ta amsa, ta ba kowace baƙuwa adireshi. Da ma tana yi."

"To ni mi ya haɗa ni da wanga karatu? Miya nika so in kaɗa."

"Ki dai saurara." Ya ɗan kalli wajen madafi. "Abin da nika so, in ta ba baƙuwa adireshi, ta ƙara mata magana biyu. Ta farko, ga ƙofar da za ki tahi. Ta biyu, ga sunan ƙunshin da za ki tambaya in kin isa. In ta karɓi ƙunshin, ita za ta ɗura wa kanta komi, ba sai na taɓa ta ba."

"Daga Maradun za ta yi sallama a ji ta a Mafara?"

"Akwai ɗan aike. Wani ɗan akwati mai ƙyafta fitilu, rauta, shina can kusa da ita. Shi ka ɗauko sallamar ya kawo nan, ya koma da amsa."

Ina juya tuwo ina saurare, ban ɗaga kai ba. Na yi sakandare, Turancina bai mutu ba, don haka duk lokacin da na wuce bayansa da kwanon ruwa nakan saci kallo. Allon baƙi ne, rubutun fari. Na ga maganganun nan biyu da yake faɗa lamba gare su, sittin da shida da sittin da bakwai, ɗaya ya rubuta mata adireshin ƙofar, ɗaya sunan ƙunshin. Layuka ne gajeru, ba su kai tsawon addu'ar shiga kasuwa ba. Na tsaya ina mamakin a ce rayuwar ɗana da aikinsa suna rataye a wannan ɗan rubutun.

Ya ce zai fara gwadawa a Bakura, inda suke da wata saba a ajiye, da wata abokiyar aikinsa Malama Jummai mai iya karanta masa abin da allo ya nuna. Gwajin farko bai yi ba. Na'urar ta yi sallama, an ba ta adireshi, ta je ƙofar, ta karɓi ƙunshin, sai ta tsaya ta ƙi ci. Ya daɗe yana dafe da kai, sannan ya buga tebur har kofi ya tuntsure. Ashe na'urorin iri biyu ne, akwai tsohon ƙira akwai sabon ƙira, kuma kowace da irin ƙunshin da take iya buɗewa. Shi ya ba 'yar zamani na tsofaffi. Ya ce wa Asabe ai cikin sallamar tata ma tana faɗin ko ita wace iri ce, shi ne bai sa a saurara ba. Ya ƙara sharaɗi: idan ta ce ita sabuwa ce a ba ta wannan, idan tsohuwa ce a ba ta wancan. Aka sake kunnawa. Muna jin Malama Jummai ta waya tana cewa ga rubutu nan yana gudu, ga shi nan, wallahi ita kaɗai take yi. Asabe ta buɗe baki za ta rangaɗa guɗa, na harare ta. Bakura ce ta tashi. Ba hanyar Bakura na hana shi ba.

Da aka juya Maradun sai shiru. Ba ƙin ci ba ne irin na Bakura, sallamar ce ma ba ta isowa. Yakan kira Isiyaku ya sa wayar a kan tebur kowa na ji.

"Kawu, a kunna."

Sai mu ji takun Isiyaku yana zagayawa bayan gini, mu ji ya ja igiyar janareta, inji ya kama ruri, mu ji ya dawo yana haki.

"To, ta kawo haske. Ga ta nan tana tunani. Af, ta rubuta Turancinta na ɗazu, ta yi tsaye. Na kashe."

Sai rurin ya mutu. Haka aka yi ta yi har ranaku suka tafi. Yayanku ya goge layukansa ya sake rubutawa, ya gwada su da na Bakura harafi da harafi. Ya sa Isiyaku ya zare waya ya mayar, ya canza rami, ya hure ƙura. Isiyaku ya ce shi fa tun da yake bai taɓa ganin baƙuwa mai girman kai irin wannan ba. Tuwo yakan kwana a rufe inda Asabe ta ajiye. Ni ma ba ci nake yi ba. Abin da ya fi ci mini rai ba maganar babanku ba ce. Matan Maradun ne, matan Tsibiri da Damaga, dangina, waɗanda ke zuwa awo ana ce musu na'ura ta mutu. Nakan tambayi kaina a kan sallaya ko na fifita ɗana a kan 'ya'yan wasu, kuma ban sami amsar da ta gamsar da ni ba.

Talata ta zo. Tun hantsi garin ya cika da ƙarar motoci da kukan shanu. Babanku ya dawo daga kara sallar azahar, ya ce mutanen Maradun sun fara ɗaure kaya, da an yi la'asar za su ɗaga gaba ɗaya. Bai kalle ni ba da ya faɗa. Na shiga ɗaki na yi salla, na daɗe a sujada. Da na ɗago na riga na yanke: zan ba shi. Mutum ne babba mai iyali, ya girmama ni a gaban kowa, ba zan saka masa da karya masa sana'a ba. Amma kafin in kwance haɓar zanena ina so in damƙa shi amana a hannun Isiyaku, ya tare shi a tasha, kada ya bar shi ya juyo sai da wani ayarin.

Na fito na tarar ana gwajin ƙarshe. Isiyaku ya ja igiya ke nan, inji na ruri.

"Asabe, karɓo mini wayar wancan."

Ta miƙo mini. Rabona da magana da Isiyaku tun rasuwar uwata, kuma ba a fara ba mutum amana ba a gaisa ba.

"Salamu alaikum. Isiyaku, ina wuni?"

"Wa nika ji haka? La ilaha illallahu! Baiwata ta? Ashe kina da rai? Lahiya lau. Ina gajiya?"

"Ba gajiya, bawan gidanmu. Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara. Ya maigidan, shina nan shina cutar Fulani a kara?"

"Shina jin ka. Ya iyali? Ya Hajara da ƙafa?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Ke, ɗan dakata, abar nan ta rubuta Turancinta, bari in zagaya in kashe inji in dawo."

"Ka kashe mi? Ina gaishe ka kana zancen inji? Haka gwaggona ta koya maka?"

"Fetur na, 'yar nan! A jarka aka kawo shi bisa hanyag ga, kuma na ɗakin haihuwa na."

"Ya mutanen Tsibiri?"

Ya ja numfashi. Ba yadda zai yi, an tambaye shi mutanen gida. Ya fara lissafo mini su, waɗanda suka dawo gonakinsu da waɗanda har yanzu ke zaune a Maradun gidan dangi. Na tambayi Inna Hansi ta Damaga, wadda ta yi mini kitson aure. Ya ce ai ta rasu tun kafin azumi, ya ɗauka an faɗa mini. Ba a faɗa mini ba. Na zauna a kan turmi. Muka yi mata addu'a, ya yi mini ta'aziyya na yi masa, ya gaya mini yadda ta cika da kalmar shahada a bakinta. Hawaye na zuba mini, na manta da saba, na manta da la'asar. Da na share fuska sai na tuna abin da ya sa na karɓi wayar.

"Isiyaku, amana za ni ba ka. Yaron nan…"

"Ta yi sallama!"

Yayanku ne. Ya miƙe tsaye har kujera ta faɗi, ya sake zama a kan iska, Asabe ta tura masa ita.

"Ta yi sallama! Ga ta nan! An ba ta adireshi! Inna, kada ki bari ya kashe! Don Allah, Inna, riƙe shi!"

Ni yake yi wa magana, kai tsaye, ba Asabe a tsakani. Hannuwansa na kan kwamfuta, idanunsa ba su bar allo ba.

"An ce kada ka kashe," na ce wa Isiyaku.

"Wa ya ce? Ɗanki ka sayen fetur? Ni dai za ni…"

"Ban gama gaisuwa ba. Ya jakinka?"

"Jakina?"

"Awo. Mai gutsurarren kunne."

"Wagga mata! Jakin da ya mutu tun kina amarya?"

"Allah Ya jiƙan rai. Ya awaki? Ya gero, ya fitar da kai? Ya gyaɗar fadama? Har yanzu kana tsoron kare?"

Babanku da ke bakin zaure ya fashe da dariya har rawaninsa ya kwance. Yayanku yana faɗa wa iska: ta je ƙofar, ta tambayi ƙunshin, ta karɓa, tana buɗewa. Can sai muryar Isiyaku ta canza.

"Tsaya, tsaya. Ke, abar nan ta haukace. Rubutu na zuba kamar an kwance bakin buhu. Wa ka taɓa ta? Wallahi ba kowa ɗakin sai ni!"

"Ɗana na," na ce. "Daga tsakar gidana."

Ban san na faɗa ba sai da na ga Gwaggo Hure ta riƙe baki.

Aka bar inji yana ruri, Isiyaku yana ƙorafi yana kuma kiran ma'aikatan asibiti su zo su ga ikon Allah. Kafin ladan ya kira la'asar, ungozomar asibitin ta karɓi wayar ta ce kwamfutar ɗakin awo ta dawo, ga sunayen matanta nan duka. Wannan karon ban hana Asabe ba. Ta rangaɗa guɗar da maƙwabta suka leƙo ta katanga suna tambaya ko haihuwa aka yi. Muna cikin haka muka ji motocin Maradun suna wucewa ta babban titi, ɗaya bayan ɗaya, suna hon.

Da hankali ya kwanta Yayanku ya gano abin da ya faru, ya kuma bayyana wa Asabe. Layukansa daidai suke tun ranar Bakura. Idan Isiyaku ya ja janareta, komai na tashi lokaci guda. Saba mai saurin farkawa ce, nan take take sallama. Ɗan aiken kuwa, rautar nan, nauyin barci gare shi, sai ya ɗauki lokaci kafin ya kamo Mafara. Sai ta yi sallama ba mai kai wa, ta rubuta cewa ba a amsa ba. Da an bar ta, za ta huta ta sake yi. Amma Isiyaku da ya ga rubutun nan yake rugawa ya kashe inji, saboda a wurinsa kowane ɗigon fetur hasken wata mai naƙuda ne, kuma da gaskiyarsa. Shi Yayanku idan ya ji na kashe, ya ɗauka an gama jira ne. Ba wanda ya taɓa barin ta ta yi sallama ta biyu, sai da gaisuwa ta tsare Isiyaku a tsaye. Tun daga ranar suka mayar da shi ƙa'ida, a fara tashin ɗan aike, sai fitilarsa ta tsaya sannan a taɓa saba.

Ogan bai ba da haƙuri ba, ba halinsu ba ne, amma ya ce a mayar da duk asibitocin kan wannan tsarin. Bayan haka ko na'ura ta lalace a Bakura ko a Maradun, sai a sa sabuwa a mota, wani ya soka mata waya, ta yi sallama, a amsa mata daga Mafara. Ba Yayanku kaɗai ba, cikin abokan aikinsa ba wanda ya sake hawa hanyar don wannan aikin, kuma ina yi wa uwayensu murna ko da ban san su ba. Ni kuwa na biya nawa. Gwaggo Hure ta kai labari Tsibiri, aka daɗe ana yi da ni a gidajen suna, wai Mafara ta mayar da ni 'yar boko, ina kiran ɗan fari kamar mai kiran kaza. Na ji kunya ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Amma da za a mayar da ni wannan safiyar, bakin murhun nan, zan sake kira.

A yammacin Talatar, bayan ya dawo daga masallaci, ya zo ya durƙusa a inda ya durƙusa da farko. Na kwance haɓar zanena, makullin ya yi ɗumi da jikina. Ya miƙo tafin hannu, na sa masa a ciki, hannu da hannu, yadda ya ce. Ya ɗago ido yana jira, ina jin yana so ya sake jin sunan. Na kalli gefe.

"Asabe," na ce, "faɗa wa wancan tuwonsa na sanyi."

Ya sunkuyar da kai kafaɗunsa na rawa da dariya.

"Asabe, faɗa wa Inna a ƙaro miya."

To kun ji. Allah Ya kiyaye ku a hanyoyinku, Ya sa duk inda kuka yi sallama a amsa muku. Sallah mai zuwa duk wanda ya sake cewa tukunyar daddawa, ba shi da rabo a naman kai. Ni da na jiƙa kalwa da hannuna, ba zan sa makulli mai warin fetur a cikin daddawata ba.